Takabar Iya

Kwarbai, Birnin Zariya
27 ga Janairu, 1991

Zuwa ga ƙanena Jibril,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka koma Ibadan lafiya, ka tarar da Rahmatu da yara ƙalau. Mu nan sai godiya. Baba Malam dai tarin nan bai sake shi ba, amma ka san halinsa, gari na wayewa yana zaure da ɗalibansa, in ka ce ya huta sai ya yi maka kallon nan da ka sani.

An sallamo Iya daga asibiti ranar Laraba, tana ɗakinta a Ƙofar Jatau. Kai da ka gudu tun ba ta gama farfaɗowa ba, wai aiki na kiranka, ba ka ga abin da na gani ba. Tana buɗe ido, ko ruwa ba ta nema ba, sai ta kai hannu ƙirjinta tana lalube. Ta ce, "Asama'u, yana nan?" Na ce, "Yana nan, Iya, ɗan wuri kaɗan aka yanka." Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba irin na Rakiya ba ne." Sai na juya ina gyara labule don kada ta ga fuskata.

Ka tuna yadda aka yanke wa Goggo Rakiya nono gaba ɗaya, shekara ba ta zagayo ba aka binne ta. Tun daga ranar Iya ta riƙe cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, wai wuƙar likita ce ta kashe yayarta. Shi ya sa na bi shawararka muka ce mata ƙari ne kawai, don da ta ji sunan da ba ta yarda an taɓa ta ba. Na bi ka, amma ka sani ƙaryar nan ni take wa nauyi, tunda ni ce kullum a gabanta.

Kafin mu fito likita ya kira ni gefe. Ya ce in tuna maka, shi da farko so ya yi ya cire nonon duka, kai ka nace a yi sabuwar hanyar nan ta cire kumburin kaɗai. Ya ce ya yarda ne bisa sharaɗi, wato da zarar miki ya rufe a kai ta gashi da injin nan da babu shi a nan sai can wajenku, kuma kada a ja abin ya yi nisa. Ya ba da wata ƙwaya da za ta riƙa sha kullum. Don haka ka tashi tsaye ka nema mana wuri, kada ka yi irin nawar da ka saba.

Na yi wa Baba Malam bayanin komai, har da sunan ciwon. Ya ce, "Ku bar ni da ita. Ranar tafiya in ta zo, ni zan ce ta tafi. Shekara arba'in da ɗori ban taɓa cewa ta yi abu ta tambaye ni dalili ba." Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Ka gaishe da Rahmatu. Daddawar da ta ce tana so tana nan, sai mun zo.

Yayarka,
Asama'u

Ibadan
12 ga Fabrairu, 1991

Yaya Asama'u,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin an sallami Iya. Mu duk lafiya, sai ƙaramin ne ya yi ɗan zazzaɓi, ya warware. A gaishe mini da Baba Malam, a matsa masa ya bari a duba tarin nan.

Ni da kika ce mai nawa ne, to ga albishir. Na samo wuri. An rubuta sunan Iya ranar Litinin, sha ɗaya ga Maris. Ba ki san yadda layin nan yake ba, Yaya. Mutane daga ko'ina suke zuwa, wasu a barandar asibiti suke kwana suna jira. Sawu nawa na yi kafin a saurare ni, Allah kaɗai Ya sani.

Ga yadda abin yake, don ki san abin da za ki faɗa mata. Ba wuta ba ce, ba kuma allura. Za ta kwanta ne a kan gado, a saita mata wani inji a kan wurin da aka yi aikin, ya haska na ɗan lokaci, ta tashi. Ba ta jin komai a lokacin, sai daga baya fatar takan yi duhu kamar an daɗe a rana. Amfaninsa shi ne ya ƙone ɓurɓushin ciwon da ido ba ya gani, wanda wuƙa ta bari. Kullum za a riƙa yi ban da Asabar da Lahadi, har wajen mako shida. Rahmatu ta riga ta share ɗakin baƙi, har ta sa an sayo buta sabuwa.

Likitan nan mutumin kirki ne, mun yi hira sosai. Ya ce mini ma a ƙasashen waje likitoci na ta muhawara, wasu na ganin matan da suka manyanta irin Iya, ƙwayar nan kaɗai kan ishe su ko ba a yi gashin ba. Amma tunda Allah Ya ba mu wuri, ai sai a yi.

Batun suna kuwa, don Allah ki ƙara haƙuri. Kada kowa ya ji, ko matan gida. Kin san bakin mutanenmu, yau aka faɗa a tsakar gida, gobe har Kufena an ji. In an gama gashin ta warke, wata rana ma sai mu ba ta labari tana dariya.

Ku taso ranar Asabar, tara ga wata. Zan tsaya muku a tasha.

Ƙanenki,
Jibril

Ƙofar Jatau, Birnin Zariya
4 ga Maris, 1991

Jibril,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya ji ƙan Baba Malam, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina fatan ka isa lafiya bayan sadakar bakwai. Har yanzu ana ta shigowa gaisuwa. Na tattaro na dawo nan gida da kwana, don ba zan iya barin Iya ita kaɗai ba. Wallahi in na ratsa zaure na ga buzunsa a naɗe, sai in kau da kai.

Da za ka tafi ka ce mini a bakin mota, "Sai na gan ku ranar tara." Ni ma na ce to. Dukanmu biyu babu wanda ya tsaya ya yi tunani. Iya tana takaba, Jibril.

Shekaranjiya na sami ɗakin ba kowa na ce mata, "Iya, ya kamata mu fara haɗa kaya, tafiyar Ibadan ta matso." Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Wace tafiya?" Na ce ta gashin nan da likita ya ce. Ta ce, "Ke Asama'u, da iliminki? Ƙasar kabarin ubanki ko bushewa ba ta yi ba, kike so in naɗe tabarmata in shiga mota in tafi Kurmi? In kwana a wani gida? In buɗe ƙirjina maza su yi ta kallo kullum? Me Zariya za ta ce, me zan ce wa Allah?"

Na ce ai lalura ce. Sai ta ɗaga gefen mayafinta ta nuna mini wurin. Gaskiya ya warke sumul, ɗan layi ne kawai ya rage. Ta ce, "Ina lalurar? Ƙari ne, an cire, ga shi ya rufe. Wata huɗu da kwana goma ne, ba shekara ba. In na fita, ku kai ni duk inda kuke so."

Mutumin da zai ce mata ta tashi ta tashi ba tambaya, shi ne muka rufe. Bai kai ga yi mata maganar ba, yana jiran lokaci ya matso.

Ka gan ta ai kafin ka tafi. Baƙin zane ɗaya, ba kwalli, ba turare, ta warware kitsonta. Ko tsakar gida ba ta cika fitowa ba sai alwala. Abinci sai na zauna a kanta take kai loma biyu. Ƙwayar dai tana sha, don a hannuna take.

Na je gidan waya har sau biyu in kira ofishinku, layi ya ƙi shiga. Ban sani ba ko takardar nan za ta riga ranar tara isowa. Ka gaya mini abin da zan yi, tunda kai ne mai dabara.

Asama'u

Ibadan
13 ga Maris, 1991

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fatan lafiya, don ni hankalina ba a kwance yake ba. Ranar Asabar tun hantsi nake tasha har aka yi isha'i. Duk motar da ta shigo daga Arewa sai na leƙa. Lahadi ma haka. Ranar Litinin na je asibiti ni kaɗai, aka kira sunan Iya sau uku a gabana, aka ba wata mata wurin. Ban taɓa jin kunya da takaici irin na ranar ba.

Yanzun nan da zan fita kai wannan takarda gidan waya masinja ya miƙo mini takardarki, shi ya sa na buɗe na ƙara.

Haba Yaya! Gidan malamai guda, a ce an rasa mai gaya wa Iya cewa mai takaba na iya fita don magani? Yaron da ya fara karatun littafi ma ya san wannan. Ki ɗauki ƙafa ki je wa Baffa Lado. Shi ne ƙanen Baba Malam, shi ne babba a gidan yanzu, in ya yi magana za ta ji. Zan koma in roƙi likita ya sake sa ta a watan gobe.

Amma kada ki kuskura ki faɗa mata sunan ciwon. Matar da ko loma uku ba ta iya ci, ki ce mata daji ne kuma ƙarfe ya riga ya taɓa shi? Ai sai ta juya fuska bango ta bi Baba. Na roƙe ki da girman Allah, ki bar wannan.

Jibi za a tura mu aikin awon ƙasa can wajen iyaka, ban san ranar dawowa ba. Ki rubuto ta gida, Rahmatu za ta ajiye mini.

Jibril

Ƙofar Jatau, Birnin Zariya
26 ga Maris, 1991

Jibril,

Assalamu alaikum, ya ibada? Mu nan azumi ya same mu lafiya. Iya tana yi, na ce ta sha ta ƙi. Ƙwayar na mayar mata da ita bayan buɗa baki.

Na karanta faɗanka. Daga nesa komai sauƙi gare shi. Gidan malaman ai kai ma ɗansa ne, me ya hana ka tuna tun kana nan?

Na je wa Baffa Lado kamar yadda ka ce. Bai yi nawa ba, washegari da la'asar ya zo, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan labule, ni ina tsakani. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, cewa addini bai ɗaure kowa ya halaka ba, mai takaba in ciwo ya tilasta tana iya fita, har ta kwana inda magani yake. Iya ta ce, "Na sani, Malam Lado. Yayanka ya karantar da ni wannan da bakinsa. In ciwo ya tilasta, ka ce."

Sai Baffa ya juyo gare ni ya ce, "To Asama'u, ke kika ji daga bakin likita. Ciwon nan, in an jinkirta, akwai tsoron halaka?"

Jibril, Iya tana jina. Labule ne kawai tsakaninmu, har numfashinta nake ji. Maganarka ta girman Allah tana kunnena. Na buɗe baki na ce, "Likita dai ya ce gara a yi da wuri." Iya ta ce, "Ka ji ko? Gara ne, ba dole ba." Baffa ya ce, "In haka ne, zamanta ya fi." Ya yi addu'a ya tashi.

Na bi shi har zaure na faɗa masa gaskiya duka. Ransa ya ɓaci, ban taɓa ganin ya ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Kun sa na yi hukunci a kan abin da kuka rufe mini rabinsa. Ni ba mijinta ba ne, ba ni da umarni a kanta. Abin da nake da shi hujja ce, hujjar kuma kun ɓoye. Ku gaya wa uwarku abin da ke jikinta, ta zaɓa da kanta. Ranar da kuka faɗa, ku kira ni, ni zan raka ta tasha." Ya ce shi ba zai shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta ya tona abin da suka rufe ba.

Sau uku ina shiga ɗakin da niyyar faɗa. Sai in tarar da ita a kan darduma ta rame kamar kara, tana jan carbin Baba, in kasa. Tsoro nake ji, Jibril. Ina tsoron in faɗa ta mutu da maganata, ina tsoron in yi shiru ta mutu da shiruna.

Abu ɗaya ne ke sa ni barci. Na sake karanta takardarka ta Fabrairu, inda likitanku ya ce mata irin Iya ƙwaya kaɗai kan ishe su. To ga ta tana sha, ko kwana ɗaya ba ta tsallake ba. In haka ne, watakila ba mu yi asarar komai ba in ta gama takabarta. A kan wannan na tsaya sai na ji daga gare ka. In kuwa ka ga in faɗa mata, ka rubuto da kalma ɗaya, zan rufe ido in faɗa.

Yayarka,
Asama'u

Ibadan
14 ga Mayu, 1991

Yaya Asama'u,

Salamu alaikum. Jiya muka dawo daga daji, ko ƙaramar Sallah a tanti muka yi ta. Na dawo da zazzaɓi amma da sauƙi. Rahmatu ta miƙo mini takardarki, na duba kwanan wata na ga ta kusa wata biyu a ajiye. Wurin da na roƙa na watan Afrilu shi ma ya wuce.

Yaya, wannan maganar ta ƙwaya ba a kan Iya aka yi ta ba. Hira ce muke yi da likita a kan mata gaba ɗaya, waɗanda kumburinsu ƙarami ne kuma aka cire shi tas. Da ya duba sakamakon Iya cewa ya yi nata ba ya cikin waɗannan, don ciwon ya kai har bakin inda aka yanka, kuma irin mai saurin nan ne. Ya ce ita gashi dole ne. Ban rubuta miki wannan ba a lokacin don na ga wuri ya samu, na ce me zai sa in tayar miki da hankali. Ban taɓa zaton za ki jingina da wancan layin ba.

Na koma asibiti yau da safe. Likita ya yi mini faɗa kamar ɗansa. Wuri mafi kusa sai tsakiyar Yuli, na karɓa.

Baffa Lado ya yi gaskiya, a faɗa mata. Amma ba ke kaɗai ba, kuma ba zan ɗora miki wannan ba. Ni na kawo shawarar, ni ya kamata in durƙusa a gabanta. Na nemi hutu ƙarshen watan nan. Ki jira ni in zo mu shiga tare, in ya so in taho da ita, in riƙa kai ta wajen likita kullum ko wani zai fasa a ba mu wurinsa.

Ki duba mini wurin aikin da idonki, ki rubuto mini yadda yake.

Ƙanenki,
Jibril

Ƙofar Jatau, Birnin Zariya
9 ga Yuni, 1991

Jibril,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, katangar bayan gida ta zube, Baffa ya sa an tayar.

Mayu ya ƙare ban gan ka ba. Direban da ka aiko ya ce an hana ka hutu sai bayan babbar Sallah. Ban yi mamaki ba.

Abin da ka rubuto ya hana ni cin abinci kwana biyu. Ka ɓoye wa Iya, ka ɓoye mini, wa kuma ya rage? Na yi niyyar shiga in faɗa mata a daren, sai na tuna ka ce in jira ka. Na jira. Yanzu kuwa saura ƙasa da mako uku ta fita, wurin kuma sai Yuli. Ko na faɗa yau babu injin da zai karɓe ta gobe. Na ce bari ta ƙarasa abinta da kwanciyar rai.

Ka ce in duba wurin. Ta hana. Ta ce ba ta son a riƙa yaye mata zane kamar jaririya. Wanka ma ita kaɗai take shiga, ta daina bari in cuɗa mata baya. Na lura da hannun hagu take ɗaukar buta yanzu, na dama tana maƙale da shi a jiki. Na tambaya ta ce kwanciya ce ta yi a kansa. Ban yarda ba, amma ban matsa ba.

Asama'u

Ƙofar Jatau, Birnin Zariya
7 ga Yuli, 1991

Jibril,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wannan ta hannun direba zan aiko, don ba ta jiran gidan waya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Iya ta fita takaba ranar Juma'ar da ta wuce ta sama. An yi sadaka, mata sun cika gida, an kwaɓa lalle, mai kitso ta zo. Tun da safe ta sa na sauko mata da akwatinta, ta zaɓi zannuwa huɗu ta ninke, ta ɗaure garin kunu da kuka a leda, har da tsarabar yaranka. Ta ce, "To Asama'u, na sauke nawa. Yanzu ku kai ni gashin naku." Har tsokanata ta yi, wai ko a jirgin sama Jibril zai ɗauke ta.

Da za a yi wankan fita ta ce in shigo in taimaka mata, hannun ba ya ɗaguwa. Ta kwance zane. Jibril, ban san lokacin da kwaryar ta faɗi daga hannuna ba. Wurin da ya warke sumul ya tashi ya yi tauri kamar dutse, fatar ta yi ja ta tattare, gefe guda ya fara tsagewa. Hammatarta duk ƙulli ne. Ta ce tun bayan azumi ta fara jinsa, ta yi shiru don kada mu fitar da ita kafin lokaci a kan ɗan ƙari.

Ranar Litinin na kai ta wajen likitan da ya yi aikin. Ya duba, ya sa aka ɗauki hoton ƙirji da na baya. Ranar Alhamis na koma ni kaɗai. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya dawo, kuma bai tsaya a nono ba, ya shiga huhu da ƙashin baya. Ya ce ko an cire nonon duka yanzu ba zai tare komai ba. Gashin ma in an yi, na rage zafi ne, ba na warkewa ba, kuma bai ga dalilin wahalar da ita a doguwar hanya ba. Na tambaye shi da an yi a Maris fa? Ya ce shi ba Allah ba ne, ba zai ce tabbas ba, amma da ta sami dama mai kyau.

Na dawo na tarar da ita zaune a bakin gado da mayafi, tana tambaya ko ka aiko da ranar tafiya. Ban jira ka ba wannan karon. Na rufe ƙofa na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga Janairu, da sunan ciwon.

Ka ce za ta juya fuska bango. Ba ta juya ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ambaci ƙarfe ba, ba ta ambaci Goggo Rakiya ba. Ta dube ni ta ce, "Ranar da Malam Lado ya tambaye ki, kin sani?" Na ce na sani. Ta ce, "Ubanku ma ya sani?" Na ce ya sani, shi ne ma ya ce zai sa ki tafi.

Nan ne hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Ashe so yake in tafi. Ni kuma na zauna dominsa." Ta share fuska ta ce, "Da kun faɗa mini, Asama'u, da na tafi. Wallahi da na tafi. Tsoro zan ji, amma ni ba yarinya ba ce. Na binne 'ya'ya uku kafin in same ku. Wa ya gaya muku ba zan iya jin sunan ciwona ba?"

Ban ce kai ne ba, don ni ce Baffa ya tambaya na rufe gaskiya.

Jiya ta ce in rubuto maka abu biyu. Na farko, ka je asibiti ka ce a ba wata wurinta tun yanzu, kada a kira sunanta wata na tsaye tana jira. Na biyu, ka zo. Ta ce ba don ka ɗauke ta ba, kuma ba sai ka shirya abin da za ka faɗa ba, ta yafe mana. So take ta gan ka tun tana iya zama.

Kada ka jira hutu, Jibril. Tarin ya fara mata.

Yayarka,
Asama'u